Daga Kwalkwalawa Zuwa Kwara Cikin Kwalekwale

Asabar, 7 ga Oktoba, 2023. Sakkwato

Shekara 35 ina zana Gulbin Rima a kan allo. In jawo layi daga Goronyo, in karkato shi ta arewacin Sakkwato, in haɗa shi da wanda ya taho daga Bakolori, in gangara da shi Argungu da Birnin Kebbi har ya faɗa Kwara. Yara su kwafa, in ba su maki. Duk tsawon shekarun nan iyakar sanina da ruwan shi ne leƙe daga kan gadar Kwalkwalawa, idan za ni ɗaurin aure Dundaye. Da na ajiye alli a watan Yuli sai na ce kafin gwiwa ta ƙi, bari in bi layin nan da jikina har Yelwan Yawuri.

Uwargida ta ce, "Malam, tsaranka in sun yi ritaya Umara suke tafiya." Na ce in Allah ya yarda ita ma tana nan tafe. Ba ta yi dariya ba, amma tun jiya take daka mana yaji.

Mu uku ne: ni, da wani dattijo Bakabe masunci wanda kowa a bakin gada ke kira Baba, da autansa mai shekara 17. Baba ne ya zaɓi lokaci. A Satumba ruwan ya cika faɗa, wanda ya ga ambaliyar 2010 da ta yanke hanyar jami'a ba sai an yi masa bayani ba. A Maris kuwa akwai wuraren da akuya ke tsallakawa. Yanzu damina ta ɗauke, gulbi bai ja ba tukuna.

Laraba, 11 ga Oktoba

An kifa jirgin a kan rairayi, yaron Baba na cusa tsumma a tsakanin katakai yana bi da narkakkiyar kwalta. Tsawonsa taku 11 da ƙafata. Mun ari ƙaramin inji, amma Baba ya ce kada in sa rai da shi kullum, kuma aljihuna ya yarda da maganarsa. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu litar fetur ta haura naira 600 a gidan mai, balle wajen 'yan bumburutu na ƙauye. Jarka biyu muka cika. Sauran aiki na filafili da gwangwala ne.

Na kawo rigunan ruwa guda uku. Baba ya juya tasa, ya shinshina, ya ce, "Malam, ni da aka haihwa cikin jirgi, mi za ni yi da wagga?" Na tuna masa da Wara, watan Mayun 2021, inda jirgi ɗaya ya tafi da mutum fiye da ɗari, da na ƙasar Shagari a bara. Ya ce lodi ne ya kashe su. Gaskiyarsa, amma na kafe. Mun rabu a kan yaron zai sa, ni zan sa, shi kuma zai zauna a kan tasa.

Na samo gwangwala tawa ta daban, na ɗaure mata zare a kowane kamu. Da ita zan riƙa auna zurfi ina rubutawa. Malami ba ya barin hali.

Litinin, 16 ga Oktoba. Wamakko

Mun tashi bayan sallar asuba. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yadda gari ya ɓace da wuri. Ba a yi minti ashirin ba babu Sakkwato, sai gaɓa da shinkafa da balbelu, sai hayaƙin kamfanin siminti na Kalambaina can hagu, wanda ya yi ta binmu har hantsi. Daga cikin jirgi gaɓa ta fi kanka tsawo, duniyar duka ta koma ruwa da sama da abin da ya leƙo.

A allo, inda Gulbin Sakkwato ya sadu da Rima ɗigo ne guda. A nan na kasa cewa ga wurin. Rassa ne ke shigowa, wasu na fita, tsibiran ciyawa a tsakani. Sai da Baba ya nuna mini da haɓa inda ruwa mai ja-ja ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da mai duhu, kafin su gauraya.

Zurfi: kamu 6 a ƙarƙashin gada, kamu 2 a wani wuri da na ɗauka tsakiyar gulbi ne. Mun kwana a gidan wani tsohon ɗalibina. Ya ce ashe da gaske nake.

Talata, 17 ga Oktoba

Yau na fara koyon karatu. Baba yana tsaye a gindin jirgi, ba ya kallon gabansa kusa, can nesa yake duba. Inda fuskar ruwa ta yi sumul kamar an shafa mai, akwai zurfi. Inda ta yi ƙananan tamoji kamar goshin tsoho, rairayi ne a ƙasa. A kwana, ruwa na cin gaɓar waje yana tara yashi a ta ciki, don haka ana bin gefen da ya yi gangare tsaye ko da ya fi nisa. Wannan na ƙarshe na koyar da shi sau ba adadi, da sunansa na Turanci har da zane, amma sau biyu yau ina cewa a yanke ta ciki don a rage hanya. Na biyun Baba ya biye mini don in gani. Muka kafe. Ni da yaron muka shiga ruwa iya cinya muna turi, shi yana zaune yana cin goro.

"Malam, wanga ruwa ba a yi mai wayo," in ji shi.

Da la'asar muka tsaya a bakin wata fadama. Kafin magariba Baba ya kafa kara a daidai bakin ruwa. Na tambaya, ya ce in bari sai safe.

Laraba, 18 ga Oktoba. Ƙasar Silame

Da asuba ruwa ya haye karan da kusan taƙi ɗaya, alhali ko ɗigo bai sauka daga sama ba. An saki ruwa daga sama, ko Goronyo ko Bakolori. Tun da aka gama Bakolori a 1978, Goronyo kuma a 1984, cikar gulbin nan da janyewarsa ba na damina kaɗai ba ne, akwai hannun mai buɗe ƙofa a ciki. Baba ya ce a zamanin mahaifinsa ana sanin ranar da ruwa zai hau fadama kusan kamar yadda ake sanin ranar kasuwa, kifi ya bi shi ya shiga ciyawa ya yi ƙwai, manomi ya san irin shinkafar da zai watsa. Yanzu wata shekara fadama ba ta jiƙa sosai ba, wata shekara a wayi gari ruwa na cikin ɗaki. Ban ce dam bai yi amfani ba. Ruwan famfon da nake sha a Sakkwato da noman ranin da ke ciyar da rabin mutanen da muka wuce yau duk da shi ake yi. Amma na shekara ina lissafa wa yara amfanin madatsar ruwa guda biyar, ban taɓa tambayar wanda ke zaune ƙasa da ita ba.

Sauro a nan ba ya jin maganin shafawa.

Alhamis, 19 ga Oktoba

Mun yi ɓarna. Wajen ƙarfe goma, inji na tafiya, farfela ta naɗe kallin wani masunci da aka shimfiɗa daga gaɓa zuwa gaɓa. Alamarsa 'yan guntayen soso ne da gorar roba ɗaya, ni ko ganinsu ban yi ba. Yaron ne ke riƙe da inji, Baba ya ɗan kishingiɗa. Kafin mu warware, mai kalli ya iso cikin ƙaramin jirginsa, ransa a ɓace.

Na zaci za a yi ta hayaniya a kan ruwa. Ba haka aka yi ba. Baba ya yi sallama, ya faɗi sunan mahaifinsa da garinsu, ya ce laifinmu ne, a je wurin sarkin ruwa. Muka juya baya kusan rabin awa zuwa ƙauyen. Sarkin ruwan tsoho ne, muka same shi yana ɗinkin koma a gindin dogon yaro. Ya sa aka shimfiɗa kallin, ya auna yagewar da hannunsa, ya ce mai kalli ma da nasa, don ba a tare gulbi duka da rana ba tare da barin ƙofar jirgi ba. Ya yanke mu biya kuɗin zare, aikin ɗinki kuma na mai shi. Naira 4,000. Sannan ya juyo wurin Baba ya ce tun da muka shigo ruwansu ya kamata mu fara tsayawa mu gaisa, da an gaya mana inda aka yi shimfiɗa.

Nan na gane abin da taswira ba ta nunawa. Ni ina ganin layi ɗaya daga Sakkwato zuwa Kwara. Su kuwa a wurinsu gulbin gunduwa-gunduwa ne, kowace da masu ita, da sunan kowane gurbi mai zurfi, da wanda ake tambaya kafin a jefa birgi. Daga yau duk inda muka ga tunga sai mun kashe inji mun yi sallama. Tafiya ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, amma mai kallin da kansa ya raka mu ya nuna mana reshen da kacalla ba ta toshe ba, ya kuma ba mu tarwaɗa huɗu.

An shawarce mu kada mu kwana a daji tsakanin nan da Augie. Mun ji shawara.

Asabar, 21 ga Oktoba. Argungu

Kwana biyar a abin da mota ke yi cikin awa ɗaya da rabi. Mun iso jiya ana kiran sallar Juma'a.

Baba ya zama wani mutum daban. Tun daga mashigin gari ake ɗaga masa hannu, masu irin tsagensa na kiransa da sunan da ban taɓa ji ba a Sakkwato. Mun sauka gidan ƙanwarsa, aka yi mana tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi, giwan ruwa, irin wanda a Sakkwato sai dai ka gani a hoto.

Da safe muka je Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi na Argungu. Wanda ya saba ganinsa a talabijin, dubban mutane da homa da gora suna rugawa cikin ruwa, zai yi mamakin shirunsa. Ba a su a wurin sai ranar biki, shi ya sa kifin ke girma. Bikin ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara ga Sarkin Kabi Muhammadu Sama, bayan kusan ƙarni guda ana zaman doya da manja tsakanin Kabi da Sakkwato. A 2016 UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake tattali. Na ƙarshe da aka yi kafin zuwana shi ne na Maris 2020, shi ma bayan hutun shekara goma. Masu sayar da gora da masu saƙa homa da na zanta da su duk maganarsu ɗaya, yaushe za a sake.

Na shiga gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da ake kira Gidan Nabame. Ina tsaye gaban sulke da tambura sai na tuna labarin da ake bayarwa cewa Kanta, sarkin Kabi na farko, wanda ya ɓalle daga Songhai ya kafa Surame a ƙarni na 16, yana da jirgi lulluɓe da tagulla da yake zaga ƙasarsa da shi idan ruwa ya cika. Da ina ɗaukarsa ƙarin gishiri. Bayan kwana shida a fadamar nan na ga cewa duk mai son mulkin ƙasar nan da damina, in ba jirgi ba sai dai fiffike. Dawakin Sakkwato da Gwandu sun sha wuya a wannan taɓon, kuma ni Basakkwace na faɗi haka a gaban Kabawa, suka ji daɗi ƙwarai.

Mun ƙara jarka ɗaya. Na sayi hular malafa, don hancina ya fara saɓa.

Talata, 24 ga Oktoba. Birnin Kebbi

Kwana biyu babu abin faɗi sai shinkafa. Hagu shinkafa, dama shinkafa, yara a kan rumfunan kara suna kaɗa gwangwani suna korar jan baki. Mun wuce kusa da Alwasa, inda aka gwabza yaƙi a 1805, zamanin jihadi, ban ga komai ba sai injin ban ruwa da wani yana wanke babur. Fadamar ta yi faɗi har gaɓar can ta zama zare.

Wani manomi da muka rage wa hanya da buhunansa biyar ya ce tun da aka ƙaddamar da shirin bashin noman shinkafa a garin nan a Nuwamban 2015 kowa ya koma fadama, har ma'aikatan gwamnati. Sai ambaliyar 2020 ta zo ta shafe gonaki ana gab da girbi. Shi bana ya shuka kashi biyu, ɗaya a tudu ɗaya a kwari, wai ko wanne ruwa ya zaɓa ya bar masa ɗaya.

Waya ta samu caji. Uwargida ta ce muryata ta canza. Zurfi a Dukku: kamu 5.

Alhamis, 26 ga Oktoba

Zazzaɓi. Na kwanta a cikin jirgi an yi mini rumfa da tabarma. Ban auna komai ba. Na sha maganin da na taho da shi. Abin da na riƙe na yinin nan shi ne ƙarar ruwa a jikin katako daidai kunnena, da kirinjijiya da suka wuce da yamma suna fito.

Asabar, 28 ga Oktoba. Bunza

Na warware, sai rashin ƙarfi. Gulbin Zamfara, wanda ya biyo ta Jega, ya shigo mana, ruwa ya ƙaru, jirage sun fara girma. Na ga na farko mai ɗaukar babura da shanu.

Tun Birnin Kebbi na lura Baba ya rage magana. Ya daina cewa ga gurbi kaza, ga inda kada ya taɓa kama wane. A kowace tunga yana daɗewa yana tambaya, wani lokaci ya sa a zana masa a ƙasa da tsinke. Yau da muke cin hoce da ƙuli ya ce, "Malam, in gaya maka gaskiya, daga nan ba ruwana na ba. Sau biyu na taɓa biyo shi, ina yaro." Na ce to ai ga taswira a waya. Ya karɓa, ya duba shuɗin layin, ya tambaye ni ko tana nuna inda kututture yake. Na ce a'a. Ya miƙo mini abata.

Mun ɗauki wani saurayi daga tungar da ke ƙasa da gada, zai kai mu mahaɗa a kan naira 6,000 da abinci.

Da dare, bayan isha'i, muna zaune a gaɓa sai muka ji yara a cikin gari suna kaɗa gwangwani da faranti. Muka ɗaga kai, ashe wata ne ya yi husufi, ɗan gefe kaɗan kamar an gutsuri waina. Baba ya ja mu sallah raka'a biyu a kan rairayi. Yaronsa ya tambaye ni dalili, na ɗauki lemo da tocila da gorar Baba na nuna masa yadda inuwar ƙasa ke faɗa wa wata. Karo na farko ke nan a tafiyar nan da na san abin da wani a jirgin bai sani ba, kuma na ja bayanin fiye da yadda ya kamata.

Talata, 31 ga Oktoba. Bakin Kwara

Mun fito Kwara jiya da hantsi. Babu wanda ya yi magana. Gaɓar can ta yi nisa har mutum ya zama kamar tsinke, iska ta taso daga gaba, jirginmu da ya yi mana girma a Kwalkwalawa ya koma kamar ɓawon gyaɗa. Na zura gwangwalata har hannuna ya shiga ruwa, ban taɓa ƙasa ba. Na rubuta: ya fi kamu 8. Da na waiwaya sai na ga Baba ya zaro rigar ruwan daga ƙarƙashinsa ya sa. Ban ce komai ba, shi ma bai kalle ni ba.

Tungar da muka sauka ta Sarkawa ce, ana jin Hausa da Zabarmanci da Dandanci a cakuɗe. Ko'ina banda ake yi, hayaƙi ya kama mini riga. Manyan jirage na haurawa yamma wajen Lolo da Dole Kaina cike da buhuna. Tun da aka rufe iyaka da Nijar a watan Agusta, bayan juyin mulkin Yamai, hirar kowa a nan ita ce ta kaya da hanya da farashi.

Mai masaukinmu ya yi mini bayanin abin da na sani a takarda, amma da kalmominsu. Wannan ruwan da muke gani farin ruwa ne, na daminar nan kusa, mai laka, kuma ya fara ja. Baƙin ruwa na nan tafe wajen Disamba zuwa Janairu, wanda ya sauka tun a tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, ya zubar da lakarsa a can, ya iso nan garau a tsakiyar hunturu. Ya ce ayu ya yi wuyar gani yanzu, amma dorina tana nan, musamman kusa da Yawuri, kuma mai ɗa ba a kusantarta ko da inji.

Ya kuma gargaɗe ni game da ƙasa da Yelwa, inda ruwan madatsar Kainji ya taru tun 1968 ya haɗiye tsohuwar Busa da garuruwan Gungawa masu yawa. Itatuwan da ruwa ya cinye suna nan tsaye a ƙasa, su ne ke fasa jirage idan ruwa ya ja. A wajen Busa ɗin nan Mungo Park, Baturen da ya zo binciken Kwara, ya halaka a 1806, daga nan kuma Richard Lander da ƙanensa suka gangara a 1830 har teku, bayan sun yi zamansu a Yawuri. Lander ɗin shi ne ya binne maigidansa Clapperton a kusa da Sakkwato a 1827. Na gaya wa mai masauki haka, ya ce su dai Turawan nan ai wani ne ya tuƙa su.

Baba ba zai wuce nan ba. Ya ce jirginsa na Rima ne, bakinsa gajere, igiyar Kwara za ta cika shi. Gobe shi da yaron za su juya, haurawa kuma ya ce sai yadda ta yiwu, wataƙila kwana ashirin, suna su a hanya. Na ba su sauran man da jarkokin. Yaron ya roƙi gwangwalata mai zare, na ba shi, tunda a nan ba ta kai ƙasa.

An haɗa ni da wani mai babban jirgi da zai gangara Yelwa jibi Alhamis da lodin busasshen kifi da shinkafa. Na je na duba shi da yamma. Na tambayi mutum nawa yake ɗauka, ya faɗa, na tambayi ko yana tafiyar dare, ya ce ba ya yi. Baba ya zaga jirgin sau biyu, ya ƙwanƙwasa katakon da ɗan yatsa, ya leƙa inda ake kwarfe ruwa, sannan ya ce in zauna daga baya kusa da matuƙi, kada in yarda a sa ni tsakiyar buhuna.

Kuɗin da ya rage: naira 31,500. Maganin zazzaɓi ya ƙare, sai Yelwa. Yajin uwargida saura rabin kwalba.